Hayaƙin Kan Taga

Cokalin da ke cikin kofin shayin Baba ne ya fara rawa, tun kafin ƙarar jirgin ta iso. Auta ta lura da shi kamar kullum. Gidansu yana bayan katangar filin jirgin sama, kuma tun da ƙarar injuna ta cinye wa Baba kunne ɗaya, da cokalin nan yake gane tashin jirgi. Ya ɗaga kai ya bi rufin ɗaki da kallo har ƙarar ta wuce, sannan ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ita kam bai dube ta ba.

Tun ranar da aka yi hira da ita a rediyo yake haka. Bayani ta yi a kan bincikenta na jami'a, cewa hayaƙin jiragen sama yana cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi, kuma tafiyar da jirgin ƙasa zai iya yi, babu dalilin hawa sama dominta. Washegari tsofaffin abokan aikinsa, makanikan jirgi irinsa, suka tare shi da tsiya: "Injiniya, ashe kai ka ƙona mana sararin sama? 'Yarka ce ta tona." Ya dawo gida ya kashe rediyon, tsakaninsa da ita kuma ya koma amsa gaisuwa kawai.

Yanzu ga Yaya ta haihu a garin da take aure, yau kuma Baba da Auta za su tafi ganin jaririya. Mijin Yaya ya ce su nufi filin jirgi, zai sa a ba su kujera. Auta kuwa ta riga ta yanki tikitin jirgin ƙasa guda biyu. Jakarta tana bakin ƙofa.

"Baba," ta ce, idonta a gefen tabarma, "na ce ko za mu bi ta tasha."

"Me ta ce?" ya tambayi Umma, alhali a gefen kunnensa mai lafiya Auta take zaune.

"Ka ji ta sarai," in ji Umma tana ninke kayan jaririya. "Kunnen nan naka abin da ya ga dama yake ji. Jiya da na ambaci nama daga kicin ai ka amsa."

"To ki faɗa mata ta bi tasharta. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ƙarƙashin fiffike, ba zan yini ana jijjiga ni kamar buhun hatsi ba. Aikin da ya kai ta jami'ar, shi ne yau ya zama abin kunya."

Auta ba ta saba ja-in-ja da kowa ba, balle shi. Ta tashi ta je taga, ta shafa yatsa a kan katakon. Yatsan ya fito baƙi. Ta murza shi da babban yatsa, ta kai hanci, sannan ta miƙa hannun inda zai gani.

"Ina ƙarama in ka tafi da ni wurin gyara, haka kake yi wa bututun inji," ta ce. "Ka ce min makanike ba ya fushi da hayaƙi, tambayarsa yake yi me ya lalace. Ban ce aikinka abin kunya ba ne, Baba. Aikinka nake yi. Kai ka koya min shafawa."

"Kuma jiya-jiyan nan na goge tagar," in ji Umma. "Yayarki ma cewa ta yi sai jaririyar ta yi ƙwari za ta kawo min ita, kada ta shaƙi wannan."

Baba ya daɗe yana kallon yatsan. Bai taɓa shi ba. Tashi ya yi ya je tagar da kansa, ya shafa, ya murza, ya sunsuna. Wani jirgin ya taso, cokali ya hau rawa a cikin kofi. Wannan karon bai ɗaga kai ba.

"Jirgin ƙasan naki," ya ce, bai juyo ba, "da me yake tafiya?"

"Da lantarki."

"Hayaƙi fa?"

"Babu a jikinsa. Sai dai inda ake samar da wutar. Can ma da sauran gyara."

"Da sauran gyara," ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. "Suna barin mutum ya leƙa injin?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ko ba su bari ba ai sai ka leƙa," Umma ta ce. "Wane murfi ka taɓa bari a rufe a gidan nan?"

Baba ya goge yatsunsa da hankici, ya sa hula, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko 'yar tocilan da yake leƙa inji da ita, ya zura a aljihun riga. A bakin ƙofa ya sunkuya ya ɗauki jakar Auta, ya fita, shayinsa rabi a kofi.

Ta taga Auta ta hango shi ya isa bakin titi. Hanyar filin jirgi tana dama. Ya gyara riƙon jakar, ya yi hagu.