Haruffan Mai Dalma

Akwai mutanen da in ba su taɓa abu ba hannunsu ƙaiƙayi yake yi, kuma mijin Yaya Babba ne sarkinsu. Katin biki yake bugawa, irin mai furanni da ruwan gwal, shi ya sa ake ce masa Mai Kati. Tun ranar da wata amarya ta ce katinsa ya fi na kowa kyau, kansa bai ƙara shiga hula ba. Auta, ƙanwar matarsa, ba ta taɓa ɓoye cewa bai yi mata ba. Shi ma ya sani, amma mutumin da bakinsa ba ya hutawa ina ya ga lokacin jin haushi?

Baba ne ke haɗa su duk Asabar. Shekara talatin da biyar ya yi a gidan buga littattafai yana jera haruffan dalma da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har sunan Mai Dalma ya bi shi. Yanzu ya tsufa, Mama ta rasu, yana zaune shi kaɗai a ɗaki biyu a saman bene, da kujerarsa ta bakin taga da yake kallon titi daga kanta. Ido kuma ya fara yi masa gardama. Yaya Babba ta daɗe da share ɗakin baya na gidanta, wanda tagarsa ke kallon katanga, tana jiran ranar da za ta kwaso shi. Baba ya ce gawarsa ce kaɗai za ta sauka daga benen nan. Da aka gaji da ja-in-ja, sai aka yi yarjejeniya: duk Asabar da yamma zai karanta musu shafi uku da babbar murya. Mai iya karatu zai iya karanta kwalbar maganinsa, sai a ƙyale shi a ɗakinsa. Ranar da ya kasa kuwa, sai ɗakin baya.

Auta ce ta kawo masa na'urar karatu, ɗan allon nan da ake zuba wa littattafai. Ita ta saita masa ita da haruffa baƙaƙe masu kauri, ba ado ba ƙawa, girmansu lamba bakwai. Littafi ashirin ta zuba, amma ɗaya Baba ya riƙe, wani tsohon littafin kiwon zuma wanda shi ya jera haruffansa tun yana saurayi. Wata takwas ana wannan karatu, Yaya Babba na tsaye a bayansa tana bin layi da ido kamar mai gadin jarrabawa, bai taɓa yin tuntuɓe ba.

Sai wata Laraba Mai Kati ya zo gaishe da Baba, da kwamfuta a hammata. Wa ke zuwa gaisuwa da kwamfuta in ba mai neman abin taɓawa ba? Daga bakinsa Auta ta ji yadda aka yi, don shi ba ya aiki bai yi shela ba. Ya ɗauki na'urar, ya yatsine fuska, ya ce, "Haba Baba! Wa ya sa maka wannan rubutun kamar na takardar asibiti?" Ya jona ta da kwamfutar, ya juye mata salon haruffa har sittin. Ya zaɓi wani siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, kowane harafi da wutsiyarsa, ya rage girma don a cewarsa shafi ya yi fasali. Baba ya ce, "Madalla." Me zai ce wa mijin 'yarsa?

Ran Asabar Baba ya zauna, ya gyara tabarau, ya ɗaga na'urar. Ya fara layi ɗaya, ya tsaya. Ya danna gaba, ya danna baya. Can ya ce kansa ke ciwo.

Yaya Babba ta sauke ajiyar zuciya, irin ta wanda ya daɗe yana cewa za a yi ruwa. "Shi ke nan, ido ya tafi. Baba, ka yi haƙuri, alƙawari kaya ne."

Auta ta fizgi na'urar ta duba, ranta ya yi baƙi ƙirin. "Wannan tsutsotsin fa? Yaya, ke da idonki biyu karanta mini layin nan in ji!"

"Wannan salo ne na manyan mutane," in ji Mai Kati. "Ke me kika sani a harkar rubutu?"

"Na san ba ɗaurin aure muka zo ba. Tsoho na fama da ido ka sa masa katin gayyata! In ado kake so, ka je ka yi wa motarka."

"Auta, mijina ne fa," Yaya Babba ta ce.

"Ai shi ya sa na tsaya a nan."

Da ƙyar aka rabu a kan a ba Baba mako ɗaya. Mai Kati ya sauka daga bene yana ƙunƙuni, wai jaki bai san daɗin tabarma ba.

Ran Litinin da rana Auta ta baro kantin maganin da take aiki ta hau wurin Baba. Ta goge salon nan sittin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsakinsa. Ta ce tunda abin ya zama haka, bari ta toshe bakin kowa: ta zaɓi salo mafi kauri, ta kai girma lamba goma, ta buɗa tazarar layi. Haruffa suka fito ɓaro-ɓaro, ko daga bakin ƙofa ana ganinsu. Ta miƙa masa tana murmushi.

Baba ya daɗe yana kallon allon.

"Bismillah mana, Baba."

"Auta, mayar da shi lamba bakwai. Salon da, da tazarar da."

"Ai wannan ya fi girma."

"Na ce bakwai."

Ta zauna a hannun kujera. Baba ya cire tabarau ya ajiye a cinya.

"Rabona da ganin harafi wata biyar ke nan," ya ce. "Inuwar shafi kawai nake gani. Mu da muka jera da hannu, fuskar shafi muke fara sani kafin kalma: inda sakin layi ya shiga ciki, inda layi ya tsaya a rabi. Littafin yana kaina tun da daɗewa. Da na ji idon na tafiya, sai na zauna na haddace fuskar kowane shafi a lamba bakwai. In na ga gajerun layi biyu a ƙasa, na san nan ne sarauniyar zuma ke barin amya, sai in danna. Mijin yayarki ya zo ya hargitsa mini su duka."

Abin da ya fi yi wa Auta ciwo shi ne, duk iliminta da yawan zuwanta, sai da wannan sakaran ya yi shisshigi sannan gaskiya ta fito.

"Maganin fa, Baba?"

"Babbar kwalba safe, ƙarama dare."

Ta juya ta dubi teburin. Kwalba biyu ne, girmansu ɗaya. Ita da hannunta ta kawo sabuwar a watan jiya, ba ta ko lura kamfanin ya canja kwalba ba. Ta zazzage ƙwayoyin ta ƙirga. Ɗaya ta kusa ƙarewa, ɗayar kamar ba a taɓa ba. Hawaye ya zubo mata, tsoro da kunya suka rufe ta.

"Za ki gaya wa yayarki?" Baba ya tambaya, fuskarsa na wajen taga.

Ta ɗauki na'urar ta mayar da salon da, lamba bakwai, tazarar da. Ta ciro ɗayan mukullin ƙofar daga ƙusa ta sa a jakarta. Daga ranar, kullum kafin ta wuce aiki sai ta hau benen ta zuba masa ƙwayar safe a tafin hannu, ta dare kuma ta bar masa a cikin murfin kofi.

Asabar ta zagayo. Baba ya ɗaga na'urar, ya yi gyaran murya, ya zuba shafi uku tiryan-tiryan, yadda ake turara hayaƙi da yadda ake yankan saƙa. Yaya Babba ta bi shi layi-layi, ba ta sami ko wasali ɗaya da za ta kama ba. Ta ce, "To, Alhamdu lillahi," da muryar wadda aka fasa wa tafiya.

Mai Kati ya tafa hannu. "Kun gani? Shigar da na yi cikin na'urar nan ce ta wartsake ta. Wani aikin sai daga baya ake gane amfaninsa."

Auta ta buɗe baki, ta rufe. Yau kam ya sha.

Yaya Babba na ɗaukar jakarta ta ce, "Amma don Allah in wannan ya ƙare a canja wani. Wata takwas muna jin labarin zuma, har na fara jin zugi a kunne."

"Ni zan zaɓo masa na gaba," in ji Mai Kati. "Sabo fil, wanda bai taɓa gani ba."

Suka sauka suna dariya. Auta ta karɓi na'urar za ta kashe, idonta ya sauka kan 'yar lambar da ke ƙasan allon. Saura shafi ashirin da ɗaya.

"Asabar bakwai," Baba ya ce daga kujerarsa, ba tare da ya juyo ba.