Haɗin Arfa

Ni Munzali, da ƙafata na ratso Chadi da Sudan har na ga teku. Kwalara ta kwashe mutum tara a ayarinmu, ni ko ciwon kai ban yi ba. Hajji talatin da ɗaya na yi ina wanke banɗakunan Arfa. Ban taɓa zama a aji ba, amma a kan ruwan wanki babu mai koya mini komai. Haka nake faɗa wa kowa.

Jikata Rawan ta yi wata uku tana shirin gasar kimiyyar sinadarai ta 'yan sakandare. Ranar Asabar za a yi jarrabawar yankin Makka, wanda ya ci ya wuce Riyad. Ranar Alhamis bayan la'asar tana falon gidanmu da ke unguwar Shisha a Makka, tana haddar sunayen sinadarai kamar mai tilawa.

Na ce, "Amarya, wannan duk surutu ne. Taso ki ga ilimi na gaske."

Ta ce, "Sidi, kai da ko sunanka sai da dangwale?" Sidi take ce mini, wato kaka a bakin mutanen Makka.

Na shiga banɗaki na jawo bokiti. A Arfa in datti ya kafe, kulor, wato bilic, muke tuttulawa, mu bi shi da ruwan asid, ya yi kumfa ya cinye komai. Na zuba na farko, na ɗaga na biyu.

Ta ce, "La, ya Sidi, kada ka haɗa. Guba yake fitarwa."

"Ni zai kashe? An gwada an gaji."

Na zuba. Abin da ban tuna ba, Arfa fili ne, iska ke kwashe warin. Banɗakinmu ko taga babu. Maƙogwarona ya shaƙe, idona ya rufe. Rawan, mai fama da asma tun tana goye, ita ta shigo ta jawo ni waje, ta ja ƙofa. Sai ta durƙushe.

A asibiti aka sa mata abin numfashi. Uwarta Shatu, 'yata ta fari, ta tambayi wanda ya yi wannan aiki. Yarinyar ta kalle ni, ta ce gwaji take yi.

Shatu ta ce, "Khalas. Babu gasa. Gobe zan kira malamarki a cire sunanki."

Ina tsaye riƙe da takalman yarinyar. Na bar laifin a kanta.

Ranar Juma'a muka dawo daga masallaci aka shimfiɗa abinci. Rawan tana ɗaki, an sallamo ta, ta ƙi fitowa. Shatu ta ɗauki waya tana neman lambar malamar. Na tsame hannuna daga abincin.

Na ce, "Shatu, ajiye wayar. Ni na haɗa."

"Baba, kai?"

"Ta hana ni. Na ce na fi ta sani."

A gaban surukina Talal, mijin Shatu, na faɗa, mutumin da ya shekara ashirin yana sauraren labaran jarumtata. Ya sunkuyar da kai yana ta juya loma ɗaya. Shatu ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Na jiyo ta tana cewa, "Tashi ki ci abinci, ki ɗauko littafin."

Ranar Asabar da safe Talal ya tada mota. Na kasa fitowa in raka ta. Ta tsaya a bakin ƙofata, murya a dishe.

"Sidi, addu'a kawai. Kada ka taɓa komai."

Na ce to, daga ciki. Sai da na ji motar ta bar layin na buɗe ƙofa.