Bakin Nasara a Guri

"Uwarmu ka koya wa? Tsohuwar da haƙoranta ba su cika ba?"

Umara ya jefar da tarun da yake ɗinki. Ƙanensa Kolo bai ɗago ba, yana juya kifi a kan banda.

"Kalma ɗaya ce, Yaya."

"Ɗayar ta isa. Jiya a kasuwar Guri ta ɗaga hannuwa sama tana cewa saranda, saranda, mata na dariya. Ba mata kaɗai ke cin kasuwa ba, Kolo."

Kolo ya sani. Tun da Rabe ya ci Barno, duk wanda ya dawo daga nesa da baƙon harshe ɗan leƙen asiri ne. A damina aka ɗaure wani bafatake aka tafi da shi Haɗeja. Jakinsa kaɗai ya dawo.

Shi kuwa Kolo dako ya yi a Lokoja, a shagon Nasara. Akwai wani akawu mutumin Saliyo. Duk sanda jirgin ruwa ya kawo jarida daga Ikko, sai ya zauna kan buhun gishiri ya karanta wa 'yan'uwansa da ƙarfi. Kolo ba ya jin komai sai sunayen garuruwa. Sai ya riƙa kama kalmar da ke maƙwabtaka da sunan, ya riƙe, ya jira fatake su kawo labarin garin. Haka ya koya. In an ce tiriti, an kai wa sarki takarda ya sa hannu. In an ce ekisfidishan, soja sun tashi. Saranda kuwa ta waɗanda suka rayu ce.

"Bi da bi suke zuwa," in ji Kolo. "Ban taɓa jin ta farko ba tare da ta biyu ta biyo ba."

"To, Malam Bature. Mu ina ruwanmu? Tafiyar wata nawa ce?"

"Kafin in taho na ji ya karanta Kano. Na ji Katagum." Ya juya kifin. "Na ji namu. Bai iya faɗa ba, amma shi ne."

Umara ya dubi ruwan da ya shanye fadama har gindin ɗorawa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Nasaranka ban gan su ba. Dogari kuwa na san kamarsa. Ka rufe bakinka, don Allah, don Annabi. In an tambaya, goro ka je saro a Gwanja."

"In sun zo fa, Iya ba ta san abin da za ta ce ba?" in ji Kolo.

Tsohuwar, Yakaka, ta fito daga bukka da ƙwarya a hannu, ta tsaya cak. Kwalekwale ne ke ratso ciyawar burgu, ba na masunta ba. Mutum biyu a ciki, ɗaya da jan rawani da takobi a cinya.

"Shiga ruwa," Umara ya raɗa wa Kolo. "Ga gorar iyo can."

Kolo ya tsaya inda yake. Kifin ya fara ƙonewa, ba wanda ya taɓa.

Mai rawanin ya sauko ba sallama. Ya dubi Umara, ya dubi Kolo, ya daɗe a kan tsohuwar da ƙwaryarta.

"Daga birni aka aiko ni," in ji shi. "A cikinku wane ne mai jin bakin Nasara?"