Facin Muƙamuƙin Baba

Da gefe ɗaya Baba yake tauna, kuma duk tsokar da aka sa masa sai ya faki ido ya tura ta gefen farantin Mama. Autarsa, wadda yake kira Likitar Ɓeraye saboda aikinta a ɗakin bincike, ta lura da haka tun ranar da ta zo hutu. Ta kuma ga ya ƙara wa bel ɗinsa sabuwar huda.

Mama ce ta fayyace mata a kicin. Tun da haƙoransa na ƙasa suka zube, ƙashin wurin ya zaizaye, likita ya ce sai an yi masa ciko kafin a dasa sababbi. Wurare biyu ya ce ana iya ɗebo ƙashin, amma Baba na jin na farko, wato ƙugu, ya ɗauki hularsa ya fito.

Auta ba ta iya gardama ba, ko a wurin aiki sai an matso ake jin muryarta. Duk da haka washegari ta buga wa likitan waya ta ji na biyun, sannan ta bi Baba shagonsa na ɗinki, inda Mama ta riga ta kai masa shayi. Ya tsayar da keken, ya dube ta ta saman tabarau.

"Likitar Ɓeraye, in maganar ce ki bar ta. Abin da nake zama a kansa ne zan ci abinci da shi? Tunda nake ban taɓa facin riga da ƙyallen wando ba."

Ta sunkuyar da kai, ta ce ai yana da 'yar gaskiya. Baba ya gyara zama, don bai zaci haka ba.

A hankali ta bayyana masa cewa a cikin ƙashi akwai ƙwayoyin da ke gina sabo idan ya karye, kuma tun jariri na ciki asalin na fuska daban yake da na sauran jiki. A gwajin ɓeraye, in aka kai na muƙamuƙi ƙafa sai su saki jiki su yi ƙashi, kamar can aka haife su. Na ƙafa kuwa, in aka kawo su muƙamuƙi, halin gida suke riƙewa, su ɓuge da yin guringuntsi. Ta ƙara da cewa mutum ba ɓera ba ne, an yi wa mutane da yawa cikon ƙugu ya kama lafiya lau.

Mama ta ajiye kofi, ta ce ashe na muƙamuƙin 'yan uwanta ne, ita da aka ɗauko daga nesa ta zauna daram. Na ƙafar kuma ta san wani mai irin halinsu, wanda ko kwana ɗaya ya yi a wani gari sai ya tafi da matashin kansa. Baba ya yi dariya har ya manta bai rufe baki da hannu ba.

Auta ta ce, "Baba, in riga ta huje, daga ina kake samo ƙyallen faci?"

"Daga cikin kalmasarta mana. Launi ɗaya, wanki ɗaya."

"To shi ne na biyun da ba ka tsaya ka ji ba. Daga can ƙuryar muƙamuƙinka za a yanko ɗan kaɗan."

Baba ya kai yatsa bayan kumatunsa yana lalube, kamar mai duba ko kalmasar na da faɗi. Ya yi gunaguni cewa likitan ma bai iya ciniki ba, wa ke fara nuna wa mai saye kayan da ba ya so? Sai ya tambaya, yana kallon allurar keken, ko bayan an gama mutum zai iya cin nama, da kuma ko asibitin na barin mutum ya je da matashinsa.

Auta na cikin amsa masa, Mama ta tattara kofuna ta sulale ta ƙofar bayan shagon zuwa cikin gida. Ta taga Auta ta hango ta tana kakkaɓe ƙurar ƙaramar jakar tafiya.