Fiton Torkil

Tun ranar da aka binne Torkil Gunn, karensa Mirk bai ƙara yi wa kowa aiki ba. Abinci dai yana ci, har da lashe kwano. Amma in Ishbel, matar marigayin, ta fita da shi bayan gida ta nuna masa tumaki ta ce ya kewayo su, sai ya zauna ya zuba mata ido kamar da wani yare ta yi masa magana. Ba taurin kai ba ne. A tudun Skerra kowane makiyayi da irin fitonsa, kare kuwa baki ɗaya yake ji. Tun Mirk yana kwikwiyo Torkil ya raine shi da nasa: fiton dama daban, na hagu daban, na kwanta, na zo gare ni. Da bakin ya rufe, aikin ma ya rufe.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Sai ga shi da kaka ta shigo karen ya tsiri ɓacewa da safe, ya dawo da rana jiƙe sharkaf, baƙar laka har wuya. Ishbel takan goge shi da tsohon buhu, ta zage shi, ta ba shi abinci. Inda yake zuwa ba ta so ta sani ba.

Alick, ƙanin Torkil, shi ya kawo mata labarin har kicin. Ya zauna kusa da murhu, ya kurɓi shayi, ya yamutsa fuska.

"Matar Yaya, shayin nan naki har yanzu kamar ruwan wanke-wanke."

"Amma ban taɓa ganin ka bar ko ɗigo ba. Faɗi abin da ya kawo ka, na ga sai murza hula kake yi."

"Karen nan ne." Ya dubi Mirk da ke kwance a bakin ƙofa. "Jiya na gan shi a bakin tafki, shi kaɗai. Ya tattaro tumaki ya jera su a gaɓa, yana kwanciya yana tashi kamar da mai ba shi umarni. Maƙwabta ma sun gani."

"Ya ciji wata ne?"

"Bai cija ba tukuna. Ke ma kin san yadda abin yake, yau kora, gobe cizo."

Ta sani sarai. Karen da ya fara taɓa garke ba da umarnin kowa ba, magani ɗaya gare shi a tudun nan: bindiga, kuma tana rataye a bayan ƙofar Alick.

"Karen yayanka ne fa," in ji ta.

"Ni na ɗauko masa shi a aljihun kwat ɗina. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Ranar sauko da tumaki daga tudu ki hau da shi. In ya yi miki aiki, bakina ya mutu. In bai yi ba, ki bar ni da shi, ke ki sauko gida."

Ishbel ba mace ce mai kuka a gaban mutane ba, don haka ta ce masa ya ajiye mata kofinta kafin ya fasa shi. Bayan ya tafi ne ta zauna ta daɗe tana kallon karen. Torkil a gadon asibitin birni ya rasu, nesa da tudun da ya yi rayuwarsa a kai, kuma abin da ta dawo da shi gida bai wuce agogonsa da takalmansa ba. Takalmi ba ya numfashi. Mirk ne kaɗai abin da ya rage na mijinta da ke ɗaga kai in ta shigo ɗaki, kuma ba ta shirya rabuwa da shi ba.

Shi ya sa ta yi abin da tun tana yarinya ake hanawa, ta ari fiton mamaci. Ta shiga rumfar ciyawa ta ja ƙofa, ta sa yatsu biyu a baki. Da farko iska ce kawai da yawu, abin dariya, tsohuwa mai furfura tana busa kamar butar shayi. Amma shekara da shekaru fiton nan yana shigo mata ta tagar kicin, kunnenta ya haddace shi ko ba ta so ba. Bayan 'yan kwanaki sai ya fito, dogo, da 'yar lanƙwasar nan a ƙarshe da Torkil yake yi saboda haƙorinsa da ya karye. Ita kanta sai da tsigar jikinta ta tashi. Ta buɗe ƙofa ta tarar da Mirk tsaye, gashin bayansa a miƙe. Ba ita yake kallo ba, bayanta yake leƙawa.

Ranar sauko da tumaki aka hau da sassafe, kowane gida da mutanensa da karnukansa. A kan tudu aka rabu kamar kullum, Ishbel ta ɗauki ɓangaren mijinta, wanda ya gangara zuwa tafki.

"Kar ki bi ta koren wurin nan," Alick ya ɗaga murya yana tafiya. "In laka ta haɗiye ki ba ni da igiyar da za ta ɗauki nauyinki."

"Ka kula da naka ƙafafun, masu kama da sandar shanya!"

Furen heda, gajeriyar ciyawar tudun nan, ya riga ya ƙone ya koma ja-ja-baƙi, ya rufe tudun har iyakar gani, ba itace ko ɗaya. Ƙasa tana shan takalmi tana saki da ɗan sauti. Fakarun tudu suna tashi daga ƙarƙashin ƙafa da hayaniyarsu ta masu faɗa, wani zomo da farin gashin sanyi ya fara fito masa ya tsaya ya ƙare mata kallo kafin ya ga dama ya gudu. Can kan duwatsu mazan barewa suna ruri, lokacinsu ne. A ƙasa kuma ga tafkin, baƙi wuluk, shimfiɗe tsakanin tuddai, zalɓe guda tsaye a gefensa.

Ta sa yatsu a baki ta yi fiton dama.

Mirk ya tafi kamar an harba shi. Ya yi faɗi, ya ɓace a bayan wani tudu, ya ɓullo can sama da tumakin, ya kwanta. Ta yi na hagu, ya bi. Tumaki suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya ta siraran hanyoyinsu. Daɗi ya kama Ishbel har ta yi dariya ita kaɗai. Ta ce a ranta yau Alick zai haɗiye maganarsa da ruwan sanyi.

Ba ta lura da lokacin da barewa suka yi shiru ba. Ta dai ɗaga kai ta ga hazo ya sauko daga kan duwatsu, fari fat, yana cin tudun kaɗan-kaɗan. Kafin ta ɗaure gyalenta ya iso. Haushin karnukan maƙwabta ya yi nisa, sannan ya ɗauke. Ba ta jin komai sai numfashinta da tarin wata tunkiya.

Sai aka yi fito daga wajen tafki.

Ta tsaya cak. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan zinariya da ke ƙwai a tudun nan, kukansa kamar fiton mutum, ya sha ruɗar baƙi. Ta ce shi ne. Amma ta san tun ƙarshen bazara ya koma bakin teku, kuma tsuntsu ba shi da karyayyen haƙori.

Aka sake yi. Fiton hagu ne, da lanƙwasarsa. Ta ji sawun garken ya juya, ya bar hanyar gida ya nufi ƙasa.

Ta yi nata fiton, na dama, da duk ƙarfinta. Sawun ya tsaya. Na tafki ya amsa, a natse, ba gaggawa, yadda mai abu yake yi da abinsa. Garken ya ci gaba da gangarawa.

Ishbel ta bi su da gudu, in ana kiran wannan gudu, tana zamewa tana dafa ƙasa. Tsoro take ji, kuma ta san tsoro ne, amma bindigar Alick ta fi tsaya mata a rai. Ta iske tumakin jere a gaɓa, fuskokinsu duka suna kallon ruwa, ba mai kiwo, ba mai kuka. Zalɓen ya tafi. Ruwan ko motsi ba ya yi, kuma 'yan taku kaɗan daga gaɓa ya narke cikin hazo, ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mirk yana kwance a bayan garken, harshe waje, kunnuwa a miƙe.

Sai fiton ya canza. Gajeru biyu, dogo ɗaya: zo gare ni.

Karen ya tashi, ya ratsa tsakiyar tumakin, ya shiga ruwa. Ta yi fiton kwanta, ya tsaya ruwa iya ƙirjinsa, yana rawar jiki, ya dubi gaba ya dubi baya. Aka sake kira daga cikin hazon. Ya ƙara gaba, ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya fara iyo. Ta sake sa yatsu, amma leɓɓanta sun yi sanyi, iska kawai ta fita. Ko da fiton ya fita ma, me zai yi? Nata na aro ne, kare kuma ya san bambanci.

Ta cire yatsun daga baki.

"Mirk!" ta daka masa tsawa da muryarta ta kicin, wadda take korarsa da ita daga kan kujera. "Kai, ɗan banzan kare! Fito daga ruwan nan! Wa zai goge ka? Ni ce baiwarka? Zo nan na ce!"

Baƙin kan da ke nisa cikin ruwa ya yi jim. Sannan a hankali ya juyo. Ya iso gaɓa yana tari, ya girgiza jiki ya watsa mata ruwa, ita kuwa ta durƙusa ta riƙe fatar wuyansa da hannu biyu. Tafkin ya yi tsit. Ta ce a ranta shi ke nan, ta ci nasara.

Fiton da ya biyo baya ba na kare ba ne. Mirk ko kunne bai ɗaga ba, don bai taɓa jin sa ba. Ɗan siriri ne, mai hawa da sauka, wanda wani saurayi mai manyan kunnuwa yake yi a bayan katangar gidan ubanta in yana so ta fito. Tun da suka yi aure bai ƙara yin sa ba, ta ma ɗauka ya manta. Ga shi nan kusa, kamar daga bayan wata katanga da ba ta gani, kuma ba tsoro a cikinsa ko kaɗan. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, irin wadda ba ta bari ta taso ba ko a bakin kabari.

Sanyi ne ya sa ta duba ƙasa. Ruwa ya kai mata gwiwa, kuma ba ta tuna lokacin da ta saki karen ba. Ta ƙara taku ɗaya.

Mirk ya kewayo ta gabanta. Bai yi haushi ba, bai ja rigarta ba. Ya sunkuyar da kai dab da ruwa, ya kafe ta da ido, irin kallon da yake yi wa tunkiyar da ta ƙi bin garke. Ta matsa dama, ya tare. Ta matsa hagu, ya riga ta.

"Matsa," ta ce. "Ba ka ji ana kirana ba?"

Ya tako taku ɗaya zuwa gare ta, dole ta ja da baya. Haka ya yi ta turo ta, taku bayan taku, har duga-duganta suka taɓa tsakuwar gaɓa, har ta wuce tumakin, har ta zube zaune a cikin heda. Bai kwanta ba sai da ya ga ta zauna.

Iska ta ɗan motsa, hazon ya fara yagewa. A kan gangaren da ke bayanta Alick yana tsaye da sandarsa, karnukansa biyu sun lafe a ƙafafunsa, wutsiya a matse. Fuskarsa ta yi fari kamar gari. Bai tsokane ta ba, wannan kuwa ya fi komai tayar mata da hankali.

"Ya yi aiki," ta ce da sauri. "Ka gani da idonka, ga garken nan cif. Ni na sa shi."

"Na gani."

"Har turo ni da ya yi daga ruwa ma ni na ba shi umarni."

Alick ya dubi siket ɗinta da ke ɗigar ruwa, ya dubi tafkin, ya kawar da kai.

"Matar Yaya, kar ki ƙara yin fiton nan."

"Na ƙarshen ba ni na yi ba."

"Na sani. Ni nake yi masa gadi a bakin hanya in ya je bayan katangar babanki." Ya share hanci da bayan hannu. "Kare ya tsira, ki riƙe abinki. Ki koya masa muryarki, ko da zagin ne. Tashi mu tafi."

Karnukan Alick ne suka kora garken zuwa gida. Mirk bai ko dubi tumakin ba. Bayan Ishbel ya biyo, dab da duga-duganta, duk tsawon gangaren. Sau ɗaya ta rage tafiya ta fara juya kai wajen ruwa, sai ta ji hancinsa mai sanyi a bayan gwiwarta. Ta ji kunya, don karen ya san abin da Alick bai sani ba: ba a ja ta ba, ita take son tafiya.

"To, na ji," ta ce masa a hankali. "Mu je."