Takalmin Ƙafar Hagu

Shekara ashirin da shida Malam Sagir ya yi yana tantance fata a wani kamfanin jima da ke Challawa. Aikinsa tsayuwa ne a gaban tebur tun safe. A miƙo masa fata ya shimfiɗa, ya shafa, ya ja ta tsaye ya ja ta kwance, sannan ya jefa ta inda ta dace. Mutumin Ringim ne, cin rani ya kawo shi Kano yana saurayi, bai koma ba. Yana zaune a Panshekara da matarsa Aina'u, su biyu kawai, don 'ya'yan duk sun yi aure.

Ana saura kwana tara azumi Aina'u ta faɗi a bakin murhu. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin hagu. Allah ya taƙaita, bakin ya dawo cikin sati uku, hannun ma ya soma motsi. Ƙafar ce ta ƙi. Tafin ya saki, yatsun suna kallon ƙasa, in ta ɗaga za ta taka sai babban yatsan ya karci ƙasa ta yi tuntuɓe. Sau biyu tana kifewa tsakanin ɗaki da banɗaki.

Likitar gashin ƙashi da ke duba ta, wata mai suna Rahamatu, ta sa aka kawo mata wani abu na roba fari, mai kamar rabin bututu, ana zura ƙafa a ciki daga sharaɓa zuwa tafi a ɗaure. Ya riƙe ƙafar kam. Amma lokacin zafi ne, gumi ya dinga taruwa a ciki, cikin kwana goma ya goge mata idon sawu ya yi ciwo. Aina'u ta cire shi ta tura ƙarƙashin gado. Daga nan ta daina tashi sai dole. Tana kan tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida tun hantsi har Malam ya dawo.

Kullum in ya dawo bayan la'asar yakan yi wanka ya kori warin kamfani, ya zauna ya ɗora ƙafar a cinyarsa yana murza ta da man kaɗanya. Wata rana Aina'u ta lura yana ɗan jan fatar idon sawun da yatsu biyu, ya ja sama ya ja gefe, yana kallo.

Ta ce, "Malam, ni ma tantance ni kake yi?"

Ya ce, "Na gama. Lamba ɗaya ce, ba tabo."

"Ga tabo kana gani."

"Wannan ba naki ba ne, na roba ne."

Ta kawar da kai, amma ya ga bakinta ya motsa.

Ranar Talata da ya kai ta gashi, ya jira har aka gama, sannan ya matsa kusa da likitar yana murza hularsa a hannu.

"Ranki ya daɗe, wannan abin na roba, mene ne ainihin aikinsa?"

Rahamatu ta ce, "Hana tafin faɗuwa ne, Baba. Jijiyar da ke ɗaga shi ce ba ta samun saƙo."

"To dole sai roba?"

Ta dube shi. "Me kuke tunani?"

"Fata. Fata tana shan gumi ta fitar. Ni aikina ke nan."

Ta ce ya gwada, amma da sharaɗi biyu. Kada Aina'u ta yi tafiya da shi sai ta gani da idonta. Kuma duk inda ya bar ja a jiki, ko kaɗan ne, a cire nan take, don ƙafar ba ta jin zafi sosai, za ta iya ciwo mai ita ba ta sani ba.

Abu na farko da ya tsaya masa shi ne siffar ƙafar. Fata sai an jiƙa ta an ɗame a kan abu ta bushe a kai kafin ta ɗauki siffarsa, ba kuwa zai bar jiƙaƙƙiyar fata ta yini a ƙafar mara lafiya ba. Maƙwabcinsa Muntari, wanda ke gyaran injuna a wani kamfanin buhu a Sharada, shi ya ba shi shawara. Ran Lahadi da safe Malam Sagir ya naɗe ƙafar Aina'u da leda, ya tallabe tafin daidai yadda lafiyayyar ƙafa take tsayuwa, ya lafta mata yumɓu. Da ya ɗan ɗaure sai ya tsaga shi biyu da zare, ya zare ƙafar, ya mayar ya haɗe, ya zuba siminti a ramin. Bayan kwana biyu ya fasa yumɓun. Sai ga ƙafar Aina'u ta siminti, har da ɗan karkacen ƙaramin yatsanta, tana tsaye ita kaɗai a tsakar gida.

Aina'u ta kalle ta, ta sake kallo, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har da hawaye. Tun kafin azumi bai ji wannan dariyar ba.

Ta ce, "Ɗauke ta daga hanya kada baƙi su shigo su ce mun soma tsafi."

Fatar kamfaninsu ba za ta yi ba, ya san haka tun farko. Wadda aka jeme da sinadari laushinta ba ya canzawa, ko ka jiƙa ta ka ɗame, in ta bushe sai ta koma yadda take. Wadda aka jeme da bagaruwa ita ce take riƙe siffa. Don haka ya hau a daidaita sahu ya shiga cikin gari wajen majema, ya daɗe yana juya fatu har ya sami ta wani bijimi mai kauri, da ta akuya mai laushi guda ɗaya.

Da ya dawo ya shimfiɗa ta bijimin a gabanta ya miƙa mata gefe.

"Ja nan."

Ta ja da hannun dama. "Ba ta motsi."

"Gadon baya ke nan. Yanzu ja nan."

Ta ja, fatar ta biyo ta kamar ƙullin fulawa.

Ya ce, "Wannan ciki ne. Dabba tana ci ta ƙoshi, tana ɗaukar ciki, to dole wurin ya buɗa ya koma. Amma baya ɗaukar nauyi yake yi, shi ya sa zaren da ke cikin fatar ya matse, ya kwanta daga wuya zuwa wutsiya. In ka yanka bin zaren ba ta miƙewa. In ka gitta shi sai ta ba ka kaɗan."

"Fata har zare gare ta?"

"Saƙa ce, ba a dai ganin masaƙin."

"Shekara talatin muna tare ba ka taɓa gaya min ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba. Cewa kike in je in yi wanka."

Daga gadon bayan ya yanko abin da zai rungume sharaɓa da tafi. Ya jiƙa shi da ruwan ɗumi, ya ɗame a kan ƙafar simintin, ya murje da bayan cokali har kowane lungu ya fito, ya naɗe da tsumma ya ajiye a inuwa. Rana tana sa fata tsagewa. Kwana huɗu ta bushe ta yi tauri, in ka ƙwanƙwasa tana amo kamar ƙwarya. Saura shafi na ciki da fatar akuya, don kada ta goga.

Aina'u ta ce, "Kawo nan. Ɗinkinka na buhu ne."

Da can ɗinkin hula take yi, tun da ta kwanta ba ta taɓa allura ba. Malam Sagir ya huda mata ramukan da basilla, ita kuma ta danne fatar da hannun hagun da ke rawa, tana zura zare da na dama. Abin da da za ta gama kafin azahar sai da ya ɗauke ta kwana shida. Wani lokacin fatar ta suɓuce ta yi tsaki ta jefar, can kuma ta jawo ta da sanda ta ci gaba.

Suka kai wa Rahamatu. Ta juya shi, ta zura hannu ciki, ta sa wa Aina'u, ta ce ta taka. Yatsun ba su karci ƙasa ba. Bayan rabin awa aka cire, babu ja ko ɗaya. Sai dai tafiyar ba ta yi kyau ba. Idon sawun ya ƙage gaba ɗaya, ƙafar tana sauka dam kamar taɓarya, gwiwa tana turewa baya.

Rahamatu ta ce, "Baba, ba ya ciwo, wannan kun ci nasara. Amma ya yi tauri da yawa. Gwiwar za ta gaji."

A hanya Aina'u ta ƙara da nata. "Kuma ba zan iya sujada da shi ba. Ba ya lanƙwasuwa."

Malam Sagir ya mayar da ita gida. Ya ajiye takalmin a kan taga, kwana uku bai taɓa shi ba.

Ran Juma'a da hantsi, ba shi da aiki, yana zaune yana kallon akuyarsu tana miƙewa a kan ƙafafun baya don ta kamo ganyen dalbejiya. Duk sanda ta dira sai diddigenta ya ɗan nutse ƙasa ya dawo da kansa. Ya tashi ya kamo ta, ya riƙe ƙafar bayan, ya lanƙwasa ya saki, ya lanƙwasa ya saki, yatsansa a kan agarar. In ya lanƙwasa sai ta ɗame kamar tsirkiya, in ya saki ta mayar da ƙafar wurinta. Akuyar tana ta ihu.

Aina'u ta ce, "Ita kuma me ta yi maka?"

"Ba ƙagewa ake so ba. Abin da zai ja ya kuma saki ake so. Irin wannan, amma ta gaban ƙafa."

Bayan masallaci ya shiga wajen Muntari da takalmin. Muntari ya saurara, ya shiga ɗaki ya fito da tsohon tub na keke. Suka raba takalmin biyu daidai idon sawu, suka haɗe da ƙusa mai kai biyu a kowane gefe yadda zai dinga juyawa. Sannan suka yanko siririyar roba daga tub ɗin suka ɗaura daga ƙauri zuwa bayan yatsu.

Muntari ya ce, "Malam Sagir, ka riƙe wannan. Gajeriyar roba jan ta da ƙarfi yake, doguwa kuma a hankali take ja. In ka jera biyu gefe da gefe, ƙarfin ya ninka. Mu ma haka muke saita sifirin a inji. Amma ba ni zan faɗi adadin ba, mai ƙafar ce za ta faɗa."

Haka aka yi. Aina'u tana zaune a kujera, Malam yana tsugune a gabanta da almakashi. Robar farko ta fizge yatsun sama har ta kasa dire tafin. Ya sa doguwa, ta yi sanyi, tafin ya faɗi. Ya rage ta da faɗin yatsa biyu.

Ta ce, "Yanzu yana ɗagawa, amma yana karkata ciki."

Ya tsaya yana kallo, bai san yadda zai yi ba.

"Raba ta biyu sirara, ka gitta su. Ta wajen ka ɗan fi ɗame ta."

Ya yi yadda ta ce. Tafin ya miƙe sak. Ya ɗago ya dube ta.

Ta ce, "Mene ne? Ai ƙafata ce."

Ranar Talata Rahamatu ta sa ta ta yi tafiya daga ƙofa zuwa taga sau huɗu, tana tsugune tana kallon diddigen. Ya sauka a hankali, tafin ya biyo, da ta ɗaga robar ta tallabo yatsun. Ta kira wata abokiyar aikinta ta zo ta gani. Ta ce a fara da awa ɗaya a rana, da sanda, a dinga duba fatar ƙafar safe da yamma, robar kuma a canza ta da zarar ta soma tsattsagewa.

Suka bi ƙa'ida. Awa ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama yini. Ta soma shara a tsaye, ta koma dafa tuwo da kanta, ta yi sallah da sujada, ko da yake tashin sai ta dafa bango.

Wata Laraba, damina ta soma sauka, Malam Sagir ya dawo daga Challawa ya yi sallama ba a amsa ba. Ya leƙa ɗaki ba kowa. Ya buga ƙofar banɗaki, shiru. Ya fito zaure da sauri yana neman wanda zai tambaya, sai ya jiyo muryarta ta kan katanga daga gidan Muntari, tana musu da matar gidan a kan yawan daddawar da ake sa wa miyar kuka. Ya jingina da bango ya tsaya yana saurare. Bai aika a kira ta ba. Ya koma ciki ya hura wuta ya ɗora ruwan wankansa da kansa.

Sai da aka kusa magariba ta shigo, sanda a hannu, tana haki kaɗan.

Ya ce, "Ina aka je ba sallama?"

"Barka na shiga, 'yarsu ta haihu tun wancan satin ban leƙa ba. Hira ce ta yi daɗi." Ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafun biyu ta nuna masa, ɗaya cikin jar fata mai ɗinki, ɗaya cikin silifa shuɗi. "Mata sai dariya suke min, wai ƙafa ɗaya ta yi aure ɗaya tana gida. Ka yi wa ta daman nata."

Malam Sagir ya ce akwai ragowar fatar. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takarda da fensir, ya tsuguna, ya ce ta ɗora ƙafar.