Reshen da Bai Mutu Ba

Munzali na rungume da batir na huɗu a kan matakalar bene sa'ad da wayarsa ta sake ruri. Shi ne mai kula da na'urori a wani reshen banki da ke Haɗejiya, kuma tun hantsi yake jidar kaya zuwa sama, don ruwa ya fara leƙo ƙofar baya. Ya dire batirin ya ɗaga wayar. Matarsa ce, Barira.

"Baban Jannat, jingar kogi ta fara yoyo ta wajen gonar Zarami. Mai unguwa ya kira sunanka sau biyu."

"Ki ce musu ina tafe."

"Haka na ce musu ɗazu."

Dokar unguwarsu ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. In kogi ya cika, kowane magidanci zai fito bakin jinga ya ɗura buhunan ƙasa. In an gama sai a bi gida-gida ana tare gindin katanga, amma fa gidajen waɗanda suka fito. Gidan Munzali na ƙasa ne, shekara shida ya yi yana tayar da shi, ɗaki bayan ɗaki.

Ya sauko ya tarar da manaja, Alhaji Mukhtar, ya naɗe ƙafar wando yana buɗa littafin shirin ko-ta-kwana da hedikwata ta aiko daga Legas. Shafi saba'in ne, har da hotuna, aikin mutanen da ko a mafarki ba su taɓa ganin kogin Haɗejiya ba. Littafin ya ce dole mutum biyu su iya tayar da na'ura in layi ya yanke. Na biyun Rilwanu ne, wanda aka sallama bara wajen rage ma'aikata. Sunansa na nan raɗau a shafi na tara.

"Yallaɓai, awa biyu kacal nake roƙo. Gidana ne."

"In ka fita layi ya ɗauke, wa zai tayar? Ni?" Manaja ya nuna allon kwamfuta da baki. "Suna kallonmu daga can. Reshen da ya mutu yau, gobe sai an nemi mai laifi. Ka yi haƙuri, Allah zai tsare."

Haƙuri ba wuya a bakin wanda iyalinsa ke Kano. Munzali ya dubi ƙofa, a buɗe take, ba wanda ya ɗaure shi. Tsoron rasa aiki ne ya mayar da shi bene, kuma ya ji haushin kansa fiye da yadda ya ji na manaja.

Ya yi aikinsa tsaf. Ya ɗora janareto a kan bulo, ya mayar da layi kan faifan tauraron ɗan'adam da ke saman rufi, koriyar fitilar na'ura ta wuni a kunne. Har aka tashi ko mutum ɗaya bai shigo bankin ba, don ruwa ya yanke titi tun hantsi.

Bayan la'asar ya ratsa ruwa iya cinya ya isa unguwa. Gidajen maƙwabta na tsaye, buhuna zagaye da su. Nasa ya zauna. Ɗakuna uku sun koma tulin laka, ƙyauren zaure kaɗai ke tsaye.

Maƙwabcinsa Hamman ya ƙaraso yana kallon ƙasa. "Mun fitar da iyalinka, suna firamare. Da muka zo kan naka, buhu ya ƙare."

Ga buhuna can jibge a ƙofar masallaci, dukansu suna ganinsu. Munzali ya ce, "Na gode, Malam Hamman."

A ajin da aka sauke su, Barira ta shimfiɗa masa kwali, ta juya ta ci gaba da ninke kaya. Da ta zage shi ma da ya fi jin sauƙi.

Washegari ya je aiki da kayan jiya. Manaja ya tarye shi baki har kunne.

"Legas ta yaba mana! Duk yankin nan mu kaɗai ne ba mu mutu ko na minti ɗaya ba. Ga rahoto, sa hannu a ƙasan nawa."

Munzali ya bi takardar da ido. A layin asarar da aka yi, manaja ya rubuta: Babu.

Ya laluba aljihu bai sami biro ba. Manaja ya ara masa nasa.